Karatun namun daji da halittun ruwa a jami'a: me ake koya a ciki, wa kuma ya dace da shi?

Duk shekara idan aka fara sakin adimishan sai na samu irin wannan kiran, to bana ɗan yayata ne da kansa ya kira ni bayan isha'i, murya duk a dakushe. "Kawu, likitanci na cike amma sun jefa ni gandun daji da namun daji, Umma ta ce gara in haƙura in sake JAMB baɗi, wai me za ta ce wa mutane idan an tambaye ta abin da ɗanta ke karanta." Na ce masa kar ya yanke komai a daren nan, ya bari mu zauna. Ni wannan fannin na karanta kuma a cikinsa nake cin abinci, shi ya sa abin yake min ciwo idan na ji ana ɗaukarsa kamar wani juji da jami'a ke zuba waɗanda makinsu bai kai ba. Abin da na warware masa washegari shi ne zan warware a nan, da daɗinsa da ɗacinsa.

Da farko dai sunan yana ruɗa mutane, dan ba abu ɗaya ba ne, hanyoyi ne kusan uku da suka haɗu a gindi suka rabu a sama. Akwai namun daji na tudu, wanda a jami'o'inmu galibi ake haɗa shi da ilimin gandun daji a ƙarƙashin tsangayar noma, za ka same shi a BUK da jami'ar Maiduguri da ta Modibbo Adama a Yola da ta tarayya a Dutse, a kudu kuma Ibadan tsohuwar hannu ce a kai. Akwai na ruwan daɗi, wato kifi da sauran halittun koguna da tafkuna da fadamu. Sannan akwai na teku, shi kam dole ka gangara kudu, jami'ar Legas tana da sashensa, ta Kalaba ma ta daɗe tana nazarin teku, haka ta fasaha da ke Akure. Kuma dan Allah a daina haɗa wannan da makarantar Oron ta jihar Akwa Ibom, can horar da ma'aikatan jirgin ruwa ake yi, tuƙi da injin, babu ruwansu da ƙidayar kunkurun teku.

Wanda bai samu jami'a kai tsaye ba shi ma ƙofa a buɗe take. A New Bussa ta jihar Neja, kusa da dam ɗin Kainji, akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji da kuma ta fasahar kifin ruwan daɗi, ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa duk a gari ɗaya, mutum ya yi difiloma ya wuce jami'a daga baya. Na ga waɗanda suka biyo ta nan sun fi 'yan digiri iya aikin hannu nesa ba kusa ba, saboda tun ranar farko ƙafarsu a cikin taɓo take. Digirin na tsangayar noma shekara 5 ne, ta huɗun kusan gaba ɗaya firaktikal ce a fili, kuma a JAMB bayan Turanci ana neman bayoloji ko aikin gona, da kemistiri, da fizis ko lissafi.

To ga inda da yawa suke shan mamaki. Yaro ya shigo da tunanin zai riƙa shafa kan ɗan zaki ana ɗaukarsa hoto, sai ya tarar da lissafi a gabansa. Wallahi rabin wannan karatun ƙidaya ce. Ba za ka iya cewa dabba tana ƙarewa ba sai ka san nawa ne bara nawa ne bana, ita kuma dabba ba layi za ta yi maka ba, giwa da girmanta idan ta shiga kurmi sai ku yi sati kuna bin sawu ba ku sa ta a ido ba. Shi ya sa ake koya mana ƙidayar abin da ba a gani, a ja miƙaƙƙen layi a daji a bi shi da ƙafa, duk tulin kashin giwa da aka gani a rubuta, a auna nisansa daga layin, sannan a haɗa da sau nawa giwa ke kashi a rana da kwana nawa kashin ke yi kafin gara da rana su cinye shi, daga nan ake fitar da adadin. A kifi ma haka, misali ka kama 100 ka sa musu alama ka mayar ruwa, bayan kwanaki ka sake kama 80 ka ga 20 a ciki masu alama ne, kaga kashi ɗaya cikin huɗu kenan, to kifin tafkin ya kai wajen 400. Akwai kyamarar da ake ɗaure wa a jikin bishiya mai ɗaukar hoto da kanta idan abu ya gitta, akwai taswirar kwamfuta, akwai manhajar lissafi da ake kira R wadda duk wanda ya iya ta ya riga 'yan ajinsu samun aiki. Duk mai gudun lissafi ya sani tun yanzu cewa bai tsira ba dan ya zo nan.

Ranar da na fara son aikin da gaske a fadamar Haɗejiya da Nguru ne, a watan Janairu lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya. Mun shiga kwalekwale bayan asuba, sanyin hunturu yana shiga har ƙashi, yatsuna sun ƙage da kyar nake riƙe biro, hazo ya kwanta a kan ruwa ba ka ganin gabanka sosai. Da rana ta ɗan ɗago sai na ga abin da na zata ciyawa ce ashe duk tsuntsaye ne, kirinjijiya da ɗinya da wasu ƙananan agwagi da suka taso tun daga Turai suka ƙetare hamada dan su yi hunturu a nan. Malaminmu ya ce kar ka ƙirga ɗaya-ɗaya za ka haukace, ka ƙirga 10 ka ga faɗin da suka ci a ido, ka mayar da shi 50, ka mayar 100, sai ka riƙa yanka garken da wannan ma'aunin. Ina cikin yi mai tuƙa mana kwalekwalen, dattijo ne da bai taɓa shiga aji ba, ya ce Malam ku yi sauri yanzu za su tashi, shaho na nan tafe. Ban ga komai a sama ba, amma ko minti biyu ba a yi ba sai ga shi, garken duk ya tashi da wata ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Tun daga ranar na daina ganin takardata ta fi idon mutumin da ya tsufa a kan ruwan.

Wannan ya kawo ni ɗaya rabin karatun, wanda a ganina shi ne mai wuyar, wato mutane. Dabba ba ta ƙarewa haka kawai, ko an harbe ta, ko an sare inda take kwana, ko an tare ruwan da take sha, kuma duk wanda ya yi hakan yana da dalilinsa, sau da yawa dalilin yunwa ce. Ɗauki Yankari a jihar Bauchi, an keɓe ta tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama gandun tarayya a 1991, ta koma hannun jihar a 2006, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma a nan ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya yake. Mai zuwa yawon buɗe ido ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki ya ga gwaggon biri da gwanki da ɓauna ya koma gida da hotuna. Amma manomin da gonarsa ke bakin iyaka, wanda giwaye suka shiga masa dawa ana saura sati biyu girbi suka tattake a dare ɗaya, shi giwa ba abin sha'awa ba ce a wurinsa. Na taɓa tsayawa a irin wannan gonar, karan dawa a kwance kamar an bi da mota, sawun ƙafa kamar faranti a cikin ƙasa, mai gonar bai yi faɗa ba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ku da kuke ƙirga su, ni wa zai ƙirga min buhunana?" Babu lakcar da ta shirya ni wa wannan tambayar. Kuma idan ba ka da amsarta, ko ta diyya, ko ta hanyar da za a kore giwar ba a kashe ta ba, ko ta ɗaukar 'ya'yan ƙauyen aikin sintiri su ma su ci moriyar dajin, to ranar da maharbin hauren giwa ya zo wucewa babu wanda zai buɗe baki ya faɗa maka. Giwa kuwa cikinta wata 22 ne, ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake, kaga idan aka kashe goma a shekara ɗaya an jawo asarar da za a daɗe ba a mayar ba.

Wanda ke ganin abin ba ya gyaruwa ya duba Kure a Nijar, kusa da Yamai. Raƙuman dawan Afirka ta yamma sun ragu har saura 49 a 1996, su kenan a duniya, kuma ba a cikin wani katangaggen gandu suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke yawo suna cin ganyen gawo suna taɓa waken manoma. Da aka hana farautarsu aka kuma jawo mutanen ƙauyukan a jiki, da rijiyoyi da ƙananan rance da aikin rakiyar baƙi, sai da suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji dan a kafa garke na biyu. A gandun dajin Zakuma na Chadi ma giwaye sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, daga baya da aka gyara tsaro da alaƙa da maƙwabta suka fara haihuwa suna ƙaruwa. Irin waɗannan misalan ake baje wa a aji a tambaye ka me ya yi aiki a nan, me ya sa bai yi a can ba.

A ɓangaren ruwa ma labarin ɗaya ne, sai dai shi ya fi shafar tukunyar kowa. Fadamar nan da na faɗa, rayuwarta ambaliyar damina ce, ruwa ya malala ya shiga ciyayi kifi ya bi ya yi ƙwai, ya janye a shuka shinkafa da alkama, makiyaya su samu ɗanyar ciyawa da rani. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 a Kano, a kan kogunan da ke shayar da fadamar, sai tsarin zuwan ruwan ya canja, maimakon ya zo da ƙarfi ya tafi sai ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara, ciyawar kachalla ta samu yadda take so ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki ya samu maɓoya yana fitowa yana cinye amfanin gona. Kano na buƙatar ruwan sha da na noman rani, wannan gaskiya ne, masuncin Nguru shi ma gaskiyarsa gare shi, to ɗalibin wannan fannin shi ake so ya zauna a tsakiya da alƙaluma a hannu ya ce ga yawan ruwan da za a saki, ga lokacin da ya dace. Haka batun idon raga, idan masunci ya koma kamu da gidan sauro ko ya zuba gamalin a ruwa, ya kwashe karfasa da tarwaɗa tun ba su kai haihuwa ba, baɗi shi zai fara kuka. Kuma wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu, sarkin ruwa ya daɗe yana rufe wani yanki ya hana kamun kifi sai lokaci ya yi, Matan Fada a Argungu ai da haka ake samun manyan giwan ruwan da ake fitarwa ranar biki. Jami'a ta zo ne ta sa wa abin ma'auni da lissafi.

Sai teku, wanda shi ne ɗan yayan nawa ya fi tambaya a kai, wai me ya haɗa ɗan Kano da teku. Abubuwa da yawa mana. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a kowane lungu da yamma daga teku yake, mafi yawansa ma shigo da shi ake daga waje da kuɗin ƙasar waje. Ledar fiya wata da aka jefa a kwata a Kaduna ko Sakkwato ko Yola, idan ruwa ya ɗauke ta kogin Kwara ko Binuwai za ta faɗa, ƙarshenta teku, inda kunkuru ke haɗiye leda yana zaton abinci ce. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma a Neja Delta akwai dajin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, babu mai girmansa a Afirka, a cikin saiwoyin ne ƙananan kifi da jatan lande ke girma kafin su fita teku. Malalar ɗanyen mai ta kashe wurare da dama a ciki, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Mai karatun teku zai koyi sinadaran ruwa da igiyarsa da yadda ake lissafa kifin da jiragen kamu za su ɗiba ba tare da an karya iri ba, kuma akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas da ake zuwa sanin makamar aiki. Amma ni shawarata ga ɗan arewa, sai dai in zuciyarsa ta kafe a kan tekun, ya fara da ruwan daɗi, tushen ilimin ɗaya ne, ga Kainji ga tafkin Chadi ga Binuwai mai ɗauke da dorina da ayu duk a kusa da gida, in ya so ya yi mastas a kan teku daga baya. Kuma ko wanne ya zaɓa ya je ya koyi iyo, wannan ba wasa ba ne.

Yanzu ɗacin. A makarantar da na yi, madubin hangen nesa ɗaya muke karɓa-karɓa mu fiye da 40, fita daji da ya kamata a yi sau da yawa sai a ce babu kuɗin mai, furojet ɗina da kuɗin aljihun mahaifina na yi shi, har yau abin yana min zafi saboda na san 'yan ajinmu masu ƙwaƙwalwa da suka fita ba su taɓa kwana a daji ba. Ga rashin tsaro, Sambisa da kowa ke jin sunanta yanzu da tsoro ai gandun namun daji ce a da, Kamuku da wasu sassan Kainji sun zama wuraren da ba a shiga yadda aka ga dama, a Kure ɗin ma an kashe mutum 8 a harin watan Agustan 2020. Ma'aikatan sintiri suna rasa rayukansu a wannan aikin, albashin kuma ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk wanda ya ce maka za ka yi kuɗi da wuri a nan bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma aiki akwai shi ga wanda ya iya wani abu da hannunsa. Akwai hukumar gandun daji ta ƙasa mai kaki, tana riƙe da tsofaffin manyan gandaye 7 ciki har da Gashaka Gumti wanda ya fi kowanne girma, a 2020 kuma aka amince da ƙarin 10, ciki akwai Falgore a Kano da Baturiya a Jigawa da Kogo a Katsina, duk ranar da suka tsaya da ƙafarsu ma'aikata za su nema. Akwai ma'aikatun muhalli na jihohi, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da kwastan da ke kama hauren giwa da ɓawon ɗankunya a tashoshin ruwa, a Janairun 2024 ma an niƙe haure tan biyu da rabi a Abuja, kuma sai da wanda ya san dabba ake gane abin da aka kama. Akwai ƙungiyoyin kare namun daji irin su WCS da ke aiki a Yankari da NCF, akwai kamfanonin da doka ta tilasta musu binciken illar aikinsu ga muhalli kafin su fara gini, ga kiwon kifi ga mai son dogaro da kansa. Mai son zurfafawa kuma ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, suna yin mastas tare da jami'ar Jos, ɗalibansu sun bazu ko'ina a Afirka ta yamma, ga makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru ga mai jin Faransanci, ga ta Mweka a Tanzaniya, ga sikolashif irin Commonwealth da Chevening da DAAD.

Abin da na fi nanata wa yaron shi ne yana da jarin da bai san yana da shi ba. Bature zai zo da digiri uku da kayan aiki na miliyoyi amma sai ya nemi tafinta kafin ya gaisa da sarkin baka, shi kuwa zai zauna a tabarma ɗaya da maharba da masunta da Fulanin ruga, ya san yadda ake gaida dagaci, ya san abin da ba a faɗa a gaban manya. Ungulu kaɗai ta ishe shi aikin rayuwa, muna yara kwata ba ta rabuwa da su, yau sai ka zaga mayanka nawa ba ka ga ko ɗaya ba, tun 2015 aka sa irin tamu ta gari a jerin masu dab da ƙarewa, ƙwai ɗaya take yi a shekara, ana kama ta ana sayar da kanta ga masu tsibbu, ita ce kuma ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Wanda zai shiga kasuwa ya zauna da masu sayar da ita ya ji daga ina ake kawowa da nawa ake saye, har su yarda su faɗa masa gaskiya, dole ya zama mai jin harshensu.

Na ce masa kafin ya karɓa ko ya ƙi, ya je dipatmen ɗin da ƙafarsa, ya samu 'yan aji huɗu ya tambaye su sau nawa aka fita da su daji kuma ina aka kai su, ya duba ko akwai malamin da ke da bincike mai gudana wanda zai iya maƙale masa ko da ɗaukar jaka ne. Ya je ranar Litinin ya dawo da lambar wani malami mai aiki a kan tsuntsayen fadama. Yayata har yanzu ba ta gama saukowa ba, ta dai ce in an tashi zuwa Nguru a watan Janairu in tafi da shi ya gani da idonsa, kuma in tabbatar ya sa rigar sanyi biyu.